Tarihin Aswaki, Daga Saiwar Arak Zuwa Ɗakin Gwaje-gwaje

Aswaki ɗan guntun icce ne, saiwa ko reshe, wanda ake tauna bakinsa har ya yi laushi ya tarwatse zare-zare, sannan a goge haƙora da dasashi da harshe da shi. Tsawonsa bai cika wuce taƙi ɗaya ba, kaurinsa kuma na ƙaramin yatsa ne. Ba kowane icce ake yin aswaki da shi ba. Ana neman wanda zarensa ba ya kakkaryewa a baki, wanda ba shi da dafi, kuma mai ɗanɗanon da ke barin baki wasai, ko ɗaci, ko bauri, ko yaji. Masana tsirrai sun lissafa itatuwa sama da iri 150 da ake yin aswaki da su a duniya, akasarinsu a Afirka. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin itatuwan da al'ummu suka tsayar don wannan aiki, su ne daga baya aka samu suna ɗauke da sinadarai masu hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, alhali an zaɓe su ne ƙarnoni kafin wani ya san akwai wata halitta mai suna bakteriya.

Masu rubuta tarihin likitancin haƙori sukan kai asalin wannan al'ada zuwa tsohuwar Babila da Masar ta zamanin Fir'aunoni. Bayani mafi daki-daki da ya iso gare mu daga zamanin da, daga Indiya ya fito. Littafin likitanci na Sushruta, wanda aka rubuta da harshen Sanskirit, ya tanadi ƙa'idoji ga mai neman iccen goge baki: ya zama ɗanye, miƙaƙƙe, marar gaɓa, wanda tsutsa ba ta ci ba, mai tsawon yatsu goma sha biyu a jere. Ya kasa itatuwan bisa ɗanɗanonsu, ya kuma sa darbejiya a gaba cikin masu ɗaci. Al'adar ta shiga tsarin rayuwar masu ibadar addinin Buda. Wani malami ɗan ƙasar Sin mai suna Yijing, wanda ya bar gida a shekarar 671 ya yi shekaru yana karatu a makarantar Nalanda, ya rubuta wa mutanen ƙasarsa yadda ya ga masu ibada a Indiya suna tauna icce kowace safiya, su goge haƙora, su kankare harshe, kafin su shiga wata hidima.

Larabawa sun san aswaki tun kafin zuwan Musulunci, kuma iccen da suka fi so shi ne arak, wanda masana tsirrai ke kira Salvadora persica. Ƙaramar bishiya ce mai yawan rassa, ganyenta kore shar ko da rani, tana jure fari da ƙasa mai gishiri. Tana fitowa daga yammacin Indiya da Pakistan, ta ratsa ƙasar Larabawa da gaɓar Bahar Maliya, ta bi Sudan da Chadi har yankin Sahel na Afirka ta Yamma. Kusa da Makka akwai wani kwari da ake kira Na'aman, wanda ya yi suna da yawan wannan icce. Saiwar ce ta fi daraja, domin ta fi reshe laushi, ta kuma fi shi yaji.

Musulunci ne ya ɗauki wannan al'ada ta gida ya mayar da ita ibada mai lokuta sanannu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa gudun tsananta wa al'ummarsa ne kawai ya hana shi umartarsu da yin aswaki a kowace salla. An ruwaito cewa yakan yi aswaki idan ya tashi cikin dare, da kuma idan ya shiga gida. Nana A'isha ta ba da labarin yadda, a rashin lafiyarsa ta ƙarshe, ya ga aswaki a hannun ɗan'uwanta Abdurrahman, ta karɓa ta tauna ta tausasa masa, ya yi amfani da shi. A Musnadin Imamu Ahmad akwai labarin Abdullahi ɗan Mas'ud yana hawa bishiyar arak don ya tsinko aswaki. Da irin waɗannan ruwayoyi malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce. A mazhabar Malikiyya aswaki yana cikin mustahabban alwala, kuma mai azumi yana iya yin sa duk tsawon yini da busasshen icce, sai dai an karhanta masa ɗanye don gudun kada wani abu ya wuce maƙogwaro. Shafi'awa kuwa sun karhanta shi ga mai azumi bayan rana ta karkata.

Malaman da suka yi rubutu kan likitanci ma ba su bar shi ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 1350, ya fifita arak a kan sauran itatuwa, ya gargaɗi mutane kada su yanko aswaki daga bishiyar da ba su sani ba don tana iya zama mai dafi, ya kuma ja kunne game da wuce gona da iri wajen gugar, domin hakan yana cinye ƙyallin haƙori. Likitan haƙori na yau ba zai cire komai daga waɗannan shawarwari ba.

A ƙasar Hausa, goge baki da icce ya girmi zuwan littattafan fiƙihu, amma littattafan ne suka ba shi matsayin da yake da shi yanzu. Yaron da ya fara karatun ilimi yana cin karo da aswaki tun a babin alwala na ƙananan littattafai irin su Ishmawi, kafin ya kai ga Risala da Muhtasar. Iccen arak yana fitowa a yankin Tafkin Chadi da busassun sassan Nijar, inda har akan ƙona shi a tace tokarsa a fitar da gishiri, sai dai bai wadatu a tsakiyar ƙasar Hausa ba. Don haka mutane suka dogara da abin da dajinsu ya ba su: marke, da ƙirya, da kanya, da baushe, da sabara, da reshen shuwaka ga mai jure ɗaci. A gefe guda akwai masu goge haƙora da garin gawayi ko toka ko gishiri, su kuma mata suna da tasu kwalliya ta furen taba da goro mai rina haƙora ja. Likita J. M. Dalziel, ɗan Sukotlan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya fitar a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, inda ya ambaci itatuwa da dama da ake taunawa don tsabtar baki. Darbejiya, wadda yau ta zama aswakin kowa da kowa saboda tana ƙofar kowane gida, baƙuwa ce. Asalinta Indiya ne, an kawo ta a zamanin mulkin mallaka, an kuma fara dasa ta a lardin Borno a 1928, daga nan ta bazu.

Arak na ƙasar Larabawa ya zama kayan tsaraba. Alhaji yakan dawo da shi tare da zamzam da dabino da tasbaha, a raba wa 'yan'uwa da maƙwabta. A kudu kuwa, inda daji ya fi duhu, aswaki ya zama sana'a mai zaman kanta tun da daɗewa. Yarbawa suna da orin ata, wato saiwar fasa-ƙwari mai sa harshe zuga, da pako Ijebu, da orin ayin wanda shi ne marke. A Gana an fi son itatuwan dangin namijin goro, ana sare gungumen a faskara shi ƙanana-ƙanana, a ɗaure dami-dami a kai kasuwannin Kumasi da Ankara.

Burushi ya zo daga wata hanya dabam. Sinawa ne suka fara dasa gashin alade a kan ƙashi ko gora. A Ingila, William Addis ya fara ƙera irinsa don sayarwa wajen shekarar 1780, kuma sai a 1938 kamfanin DuPont na Amurka ya samar da zaren nailan da ya maye gurbin gashin dabba. Burushi da makilin sun shigo Afirka ta Yamma ta kantunan Turawa da makarantun kwana da barikin soja, suka zama alamar wayewa, aka fara kallon mai tauna icce a matsayin wanda bai ci gaba ba. Wannan hukunci ba a kan wani gwaji aka gina shi ba.

Kafin a iya gwada ko icce yana kashe ƙwayoyin cuta, sai da aka fara ganin ƙwayoyin, kuma a cikin baki aka fara ganin wasu daga cikinsu. A watan Satumba na 1683, Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan wanda ya ƙware wajen goge gilashin ƙara girman abu, ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan wasiƙa yana bayanin ƙananan halittu masu motsi da ya gani a cikin farar dauɗar da ya kankaro daga haƙoransa. Ya lura da wani abu mai muhimmanci: da ya kurkure baki da ruwan kal, halittun da ke saman dauɗar ne kawai suka mutu, na can ciki suna nan da ransu. Bayan shekara ɗari biyu, Willoughby Miller, likitan haƙori Ba'amurke da ke aiki a Barlin, ya bayyana a littafinsa na 1890 cewa bakteriyar baki suna cin ragowar abinci mai sitaci da sukari, su fitar da asid, asid ɗin ya narkar da jikin haƙori har ya yi kogo. A 1924 J. K. Clarke ya ware ƙwayar Streptococcus mutans daga ruɓaɓɓen haƙori a Landan. Daga baya aka gane cewa ciwon dasashi, wanda ke sa jini da warin baki da girgiɗar haƙora, yana da nasa ƙwayoyin dabam, masu zama a lungun da iska ba ta shiga tsakanin haƙori da nama.

Hanyar gwajin da aka fi amfani da ita mai sauƙi ce. Ana zuba wani abinci na musamman da aka daskarar da agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, a cikin faranti mai murfi irin wanda Julius Petri ya ƙirƙiro a 1887. A shafa ƙwayar da ake son gwadawa a kai, a huda ƙananan ramuka, a ɗiga jiƙon iccen a ciki, a ajiye farantin a wuri mai ɗumin jikin mutum ya kwana. Idan jiƙon yana da ƙarfi, za a ga fili kewaye da ramin inda ƙwayar ta kasa tsirowa, sai a auna faɗinsa. Akwai kuma gwajin tsarma jiƙon mataki-mataki har a gano mafi ƙarancin adadin da ke iya tsayar da ƙwayar.

Masanan Nijeriya suna cikin waɗanda suka fara ɗora aswaki a kan wannan faranti. A 1971 wasu masana harhaɗa magunguna na Jami'ar Ife, cikinsu har da Abayomi Sofowora, suka wallafa sakamakon gwajin jiƙon itatuwan aswaki da ake sayarwa a kasuwannin kudu maso yamma, suka nuna cewa wasunsu suna hana ƙwayoyin baki tsirowa. A cikin wannan aiki ne aka lura cewa inda aka ɗiga jiƙon saiwar fasa-ƙwari a farantin da aka gauraya da jini, jinin ya riƙe jansa. Bin diddigin wannan ya kai ga gano cewa jiƙon yana iya mayar da lanƙwasassun ƙwayoyin jinin mai cutar sikila zuwa siffarsu a cikin kwalbar gwaji, abin da ya buɗe wani fagen bincike dabam. A Legas, Akpata da Akinrimisi sun wallafa nasu gwajin a 1977, sannan a 1988 Rotimi da abokan aikinsa suka gwada jiƙon itatuwan aswakin Nijeriya a kan ƙwayoyin ciwon dasashi, suka samu wasu suna da tasiri ƙwarai. Babban abin da ke aiki a itatuwa irin su marke da baushe shi ne tanin, sinadarin nan mai bauri wanda majema ke nema a cikin bagaruwa. Yana kama furotin ya ɗaure shi, don haka yana tsuke naman dasashi, yana kuma hana bakteriya manne wa haƙori. A cikin shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan amfani da aswaki a wuraren da aka saba da shi.

Arak kuwa ya daɗe yana rikita masu bincike. Wani zai jiƙa shi ya gwada ya samu tasiri mai ƙarfi, wani ya maimaita ya samu kaɗan ko babu. An yi ta jero abubuwan da ke cikinsa, su silika mai taimakawa wajen kankare dauɗa, da gishiri iri-iri, da ɗan fuloraid, da wasu sinadarai masu ɗaci, amma babu wanda ya isa ya bayyana wannan saɓani. Warwarar ta zo daga Cibiyar Karolinska da ke Suwidin. A 2008 Abier Sofrata da abokan aikinta suka bar jiƙo, suka yi gwaji da guntun saiwar kanta. Sun binne wasu guntaye a cikin farantin, wasu kuma suka rataye su a sama ba tare da sun taɓa shi ba. Har waɗanda aka rataye sun hana ƙwayoyin tsirowa a ƙarƙashinsu, wanda ya nuna cewa abin da ke aikin yana tashi ne a iska. A 2011 suka tabbatar da sunansa, benzil aisotayosayanet.

Yadda wannan sinadari ke samuwa shi ne ya bayyana komai. Saiwar ba ta ajiye shi a shirye. Tana ajiye mahaifinsa a wani sashe, tana ajiye abin da ke warware shi a wani sashe, kamar yadda mai gida ke raba ashana da kananzir. Sai an tauna, ƙwayoyin iccen sun fashe, sannan biyun su haɗu cikin danshi, yajin nan da ke hawa hanci ya fito. Makami ne da bishiyar ke kare kanta da shi daga ƙwari da cututtuka, kuma irinsa ne ke ba lansir da 'ya'yan gwanda yajinsu. Ke nan mai binciken da ya busar da saiwa, ya daka, ya tafasa, ya tace, ya riga ya kori abin da yake nema kafin ya fara aunawa. Mai aswakin da ke zaɓen saiwa sabuwa mai yaji, yana yanke bakin da ya tsufa ya tauna sabo, shi ne yake samun sinadarin da ƙarfinsa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yawansa yana raguwa sosai idan aka yi ta maimaita amfani da baki ɗaya ba a yanke ba.

Tasirin ba ɗaya ba ne a kan kowace ƙwaya. Ya fi tsanani a kan masu jawo ciwon dasashi, irin su Porphyromonas gingivalis, ya yi sauƙi a kan Streptococcus mutans, ya fi rauni a kan Lactobacillus. Kuma baki ba faranti ba ne. Yawu yana tsarma sinadari yana wanke shi, ƙwayoyin kuma suna zaune cikin danƙon dauɗar da Leeuwenhoek ya ga ruwan kal ya kasa ratsawa. Don a raba aikin sinadari da aikin guga, masu binciken Karolinska sun ba wasu mutane aswaki sabo, wasu kuma wanda aka tafasa har yajinsa ya mutu. Masu sabon sun fi samun raguwar dauɗa, amma ta fuskar kumburin dasashi ba a ga bambancin a zo a gani ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne, kaso mafi girma na amfanin aswaki yana cikin gugar da kuma yawan maimaita ta, sinadarin ƙari ne a kai. Mutumin da ke aswaki a kowace alwala yana taɓa haƙoransa sau biyar a yini, kuma da wuya a samu mai burushi da ke yin haka.

Binciken da aka yi a kan mutane ya fito da amfanin da kuma iyakarsa. Nazarin da Darout da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 a kan manya a Sudan ya samu lafiyar dasashin masu aswaki ba ta gaza ta masu burushi ba, ta wasu fuskoki ma ta ɗara. Wani gwaji a Saudiyya a 2003 ya samu aswaki ya fi burushi rage dauɗa idan an koya wa mutum yadda zai riƙe shi. Amma wani nazari da aka yi a Riyad a farkon shekarun 1990 ya samu janyewar dasashi ta fi yawa a tsakanin masu aswaki, musamman masu dirzawa da ƙarfi, abin da Ibnul Ƙayyim ya yi gargaɗi a kai. Zaren aswaki yana miƙe ne da sandar, don haka yana da wuyar kaiwa bayan haƙora da turamen ciki. Fuloraid ɗin da ke fita daga cikinsa bai kai na makilin ba, wannan kuwa babban gibi ne a zamanin da sukari da lemon kwalba da alewa suka cika abincin yara. Haƙorin da ya riga ya yi kogo, ko dasashin da ya tara mugunya, aikin likita ne.

Sana'ar aswaki ta sauya kama a 'yan shekarun nan. A ƙofar masallatan Juma'a, tun daga Kano har Yamai, mai tasbaha da turare yana da aswaki iri biyu a kan tabarmarsa, na dami wanda ake yanka wa mai saye, da wanda aka rufe ɗaya-ɗaya cikin leda marar iska, akasari daga Pakistan. Ledar tana riƙe danshi da yajin saiwar, ko da yake wanda aka rufe da jiƙa fiye da kima yakan yi fumfuna. Kamfanoni kuma sun shiga sa jiƙon arak da na darbejiya a cikin man goge baki, kamar Meswak na kamfanin Dabur na Indiya, sai dai sinadari mai tashi a iska ba shi da sauƙin tsarewa a cikin irin wannan haɗi, kuma sunan icce a jikin kwali ba ya nuna yawan abin da ya rage a ciki. Matsalar da ta fi girma tana daji. Arak saiwarsa ake tonowa, itatuwan dangin namijin goro kuma sare su ake yi gaba ɗaya. A Gana wannan sara ta rage su ƙwarai, har masu sana'ar suka koma nemo gungume daga ƙasashen maƙwabta, kuma ɗaya daga cikinsu, Garcinia afzelii, ya shiga jerin itatuwan da ƙungiyar kare halittu ta duniya ta ce suna fuskantar barazana. Marke da ƙirya a ƙasar Hausa su ma suna raguwa, ko da yake masu gawayi da masu itacen girki ne suka fi cin su, ba masu aswaki ba.